Ɗan Fashin da Ya Tuɓe Takalmi

"Kowa ƙasa! Ƙasa nic ce! Wanda yaɗ ɗaga kai in hwasa shi!"

Tau! Tau!

Harbi biyu sama. Tsuntsayen da ke cikin hatsi suka tashi fir! Direban motar kasuwar Dogon Kiriya ya taka birki, motar ta kafe cikin yashi. Buhun wake ya faɗo daga sama, akuyar wani ta biyo shi tana kuka.

Rana tsaka ce, an ɗan gota azahar. Damina ta yi albarka, hatsi ya rufe mutum dama da hagu. Daga cikin hatsin nan mutum uku suka fito, kowa ya naɗe fuska da rawani, ido kaɗai ake gani.

Babbansu Ɗanmalam, wanda suke ce wa Shef, shi ke da bindiga, shi ke da baki. Yasir siriri ne kamar kara, shi ke riƙe da buhu. Na ukun dogo ne mai adda, shi ba ya magana. Tun ruwan fari suke tare hanyar nan, ba wanda ya taɓa jin muryarsa, har fatake suka sa masa suna Bebe.

"Maza nan! Mata can! Maza-maza!"

Mutane suka zube. Wani dattijo mai gemu da ɗangalallen wando, Alhaji Is'haƙa mai takalma na kasuwar Dutsi, ya kwanta rub da ciki, amma bakinsa bai kwanta ba.

"Ku ji tsoron Allah, samari! Akwai kwanciyar kabari!"

"Muna ji, Alhaji," in ji Yasir. "Salula hwa? Tana wane aljihu?"

"Ina iyayenku? Wane irin uba yab bar ɗa nai haka?"

"Na dama ko na hagu, Alhaji? Kak ka sa in tuɓe ka gaban mata."

Da jin muryar dattijon, Bebe ya kau da kai. Ya ja da baya, ya juya da sauri ya nufi wajen mata.

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya miƙa hannu, a ba shi 'yan kunne. Ya nuna bakin zane, a kwance ƙulli. Har ya zo kan ta ƙarshe, wata mai baƙin hijabi da ta kifa kunci a yashi, ta ɗora hannu a ka. Hannun ya gani. Akwai wani tsohon awarwaro na jan ƙarfe, lanƙwasasshe, wanda tun yana goye yake wasa da shi.

Ya tsaya cak.

Ita kuma, Mas'uda matar Alhaji Is'haƙa, ba ta ga komai ba sai ƙafafu cikin takalmin fata mai buɗaɗɗen baki. Ƙaramin yatsan dama ya hau kan ɗan'uwansa. A bayan ƙafar hagu akwai tabon garwashi, tun na rarrafe.

Ta san ƙafafun nan.

Sai ƙafafun suka yi abin da suka saba. Ta hagu ta zame daga takalmi. Ta dama ta bi. Suka tura takalman gefe guda, tsaf. Gwiwoyi suka lanƙwashe. Ɗan fashi da adda a hannu ya durƙusa gaban mace, kai a sunkuye, kamar mai gaida uwa da safe.

"Kai! Mi kaka yi haka?!" Ɗanmalam ya daka tsawa.

"Shef, mota! Mota tahe!" Yasir ya yi ihu.

Ƙugin inji daga kudu! Tau! Ɗanmalam ya sake harbi sama, suka faɗa cikin hatsi inda suka ɓoye moto biyu, wato baburansu. Bebe ya zabura ya bi su a guje, ƙafa ba takalmi, cikin ƙarangiya da tsidau.

Takalman suka zauna bakin hanya a jere, kamar mai su ya shiga masallaci.

*

Sunansa Abdulwahabu, kuma ba bebe ba ne. Duk unguwarsu a Dogon Dutsi ba mai muryarsa. Shi ne ladanin masallacin da ubansa ya gina, kullum lasifika tana kai kiransa har bakin tasha. Shi ya sa wurin aiki yake kame baki. In ya ce "kawo" kawai, rabin motar za su tashi su nemi buta.

Alhaji Is'haƙa ba ya gajiya da zancensa. "Ɗana? Kamar tahin hannuna! Muna ci kwano guda, muna salla sahu guda. Ku da 'ya'yanku ke zama hwada suna shan shayi da sigari, ku yi kuka da kanku."

Tun da yaron ya bar lakwal, makarantar boko, yake tsare shagon takalma. Albashinsa albarka ce, ana biyansa safe da yamma. Albarka abu ne mai kyau, amma mai sayar da moto ba ya karɓarta. A wajen masu sayar da esansi, man mota, a kwalba ya haɗu da Ɗanmalam, mutumin bakin iyaka, wanda ya gane nan take cewa ya tsinci dami a kala. Domin fataken Dutsi suna da hali guda: kafin tafiya sai sun tsaya bayan sallar asuba su ce, "Jama'a, a sa ni addu'a, yau ina zuwa Kiriya sayen wake." Ladan ya shafa addu'a tare da kowa, ya ce amin da ƙarfi, ya zaga bayan masallaci ya danna salula ya sanar da Ɗanmalam.

Mas'uda kuwa 'yar wani ƙauye ce kusa da Lugu, ƙasar bori da iskoki, inda ba a kiran sunan ɗan fari, ba a kallon idonsa, ba a yi masa magana baki da baki. Alhaji ya raba ta da turaren iska, ya raba ta da gidan biki, ya sa mata hijabi har ƙasa, duk ta bi. Wannan kaɗai ya gagara.

"Bidi'a! Sunan Allah na cikin sunan ga, ki hwaɗe shi ki samu lada!"

Sai ta ja bakin hijabi ta rufe baki. "Wancan" take ce masa. Kowace safiya wancan zai zo ƙofar ɗakinta, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya gaishe ta, ita ta amsa wa tukunya. Idonta kullum ƙasa. Alhaji yakan yi mata dariya, ya ce ranar da yaron ya ɓace a kasuwa ba za ta iya nuna shi ba.

Ranar fashin nan gaisuwar mutuwa ta kai ta ita da Alhaji wani ƙauye gaba da Kiriya. Labarin mutuwar ya iso ne bayan wancan ya fita, ya ce ya tafi wa'azi Tibiri.

*

A cikin wani kwazazzabo, ƙarƙashin gawo, Ɗanmalam ya warware rawani ya maka da ƙasa.

"Ka tuɓe takalmi! Wurin aiki! Don mi ba ka yi mata shara ba, ka ɗebo mata ruwa?"

Yasir yana birgima don dariya. "Wallahi Shef, na ɗauka tada iƙama za ya yi!"

Abdulwahabu yana zaune yana cire ƙarangiya daga tafin ƙafa. Bai ɗago ba. "Ita tah haihe ni. Mai wa'azin nan kuma babana."

Dariyar Yasir ta mutu a wuya.

"Ta gane ka?" in ji Ɗanmalam a hankali.

"Ba ta taɓa kallon huskata ba tun da anka yanke mani cibi."

"Ba shi nit tambaye ka ba, Ladan."

"Ko ta gane, ba ta iya hwaɗin sunana. Ɗan hwari nike."

Ɗanmalam ya dube shi. Ya shafa layun da ke damtsensa, irin waɗanda ya ɗaura wa kowannensu ranar da suka sha rantsuwa, wai maganin harsashi da ɓacewa.

"To Allah shi ƙara mata kunya," ya ce. "Don ranar da kunyar tag ƙare, ka san sauran."

*

Jandarmomi sun iso ana shirin la'asar. Shugabansu, Ajidan Abdulmajid, mutumin gabas ne, mai tabarau, mai maganar wanda ya gaji da duniya. Ya tsuguna gaban takalman, ya ɗaga ɗaya da kara.

"Bon. Na ga ɓarawon da ya yar da hula. Na ga wanda ya yar da wando. Wanda ya tuɓe takalmi ya jera, yau na fara gani."

"Ni na gani, Shef!" Wata mai sayar da busasshen zogale, A'i, wadda ta kwanta kusa da Mas'uda, ta kutso tana riƙe da kunnuwanta da aka tsiraita. "Durƙusa mata yay yi! Ga 'yan kunnenta nan, ko taɓa su bai yi ba. Mutanen Lugu hwa! Doguwarta ta ta kama shi ta danne!"

"A'uzu billahi!" Alhaji ya yi tsalle, gemu duk yashi. "Wace doguwa? Matata ta tuba tun kahin a haihe ki! Addu'ar da nik karanta ta karya mashi gwiwa!"

"In addu'a ta, don mi ba ta tsare salularka ba?"

Ajidan ya bar su, ya juya ga Mas'uda. "Madam, kin san shi?"

Mas'uda ta dubi ƙasa. Suna guda ne a bakinta, ya cika shi har ya hana harshe motsi.

"Shef, bar ta, ko baƙo yaz zo gida ba ta magana," in ji Alhaji. "Kawo takalmin in gani, wanga aikina na." Ya karɓa, ya lanƙwasa, ya sansana, fuskarsa ta washe. "Ka gani? Hwata ta gaske, ɗinkin hannu, daga Sakkwato. Duk Dutsi ni kaɗai nik kawo irinsu! Sauran 'yan kasuwa roba suka sani."

"Ah bon? Wa da wa suka saya?"

"Mai kantin magani ya ɗauki guda. Wani ango ya tahi da guda Yamai. Na ƙarshen nib ba ɗana da salla."

"Ɗanka yana ina yau?"

"Tibiri, wa'azi. Aikin Allah." Alhaji ya miƙa takalmin. "Ka binciki angon nan, Shef. Tun ranar nan idonsa bai kwanta mani ba."

Ajidan ya cire tabarau ya goge. Bai dubi Alhaji ba. Matar ya duba, wadda ta kafe takalmin da ido.

*

Da magariba murya ta tashi daga lasifika, zaƙi kamar kullum. Mata a gidaje suka ce, kai, yaron nan Allah ya yi masa baiwa.

Bayan salla uba da ɗa suka zauna tsakar gida kan tabarma, kwano guda. Alhaji ya ba da labari tun daga birki har jandarma, ya ƙara harbi, ya ƙara tsawon addu'a.

"Wani dogo cikinsu, bebe, ka ga ido kamar na kura! Ni ba yaran nika zargi ba. Iyayen! Uban da ɗa nai ke hwashi bai sani ba, wanga uba na ko buhun dussa? Allah shi tona asirinsu! Ce amin."

"Amin, Baba."

"Ka ci mana. Ƙaƙa wa'azin?"

"An taru, Baba."

"Alhamdu lillahi. Ka ga bambanci ke nan."

Mas'uda ta kawo ruwa ta ajiye. Idonta ƙasa, kamar kullum. Ta ga silifas na roba, sabo, wanda ya yi masa kaɗan. Ta ga tafin ƙafa ya tsattsage, ƙaya ta karye a ciki, diddige ya kumbura.

Da Alhaji ya tashi zuwa isha'i, ta shiga ɗaki ta fito da allura da man kaɗe a murfin kwano. Ta ajiye bakin tabarma, ba a gabansa ba, kusa dai. Ta wuce wajen turken akuya ta juya masa baya.

"Ke akuyar ga," ta ce. "Kin shiga gonar mutane. Mai gona ya ga sawu."

Akuya ta ci gaba da tuƙa.

"In kina da hankali, ki kai kanki turke da ƙahwarki. Igiya ta hi wuƙa."

Can ta ji an ɗauki allura.

Abin da take so ta ce a fili yake a ranta: tashi ka je wurin mai tabarau, ka miƙa hannu, gidan kaso yana da ƙofa, kabari ba shi da ita. Kalma nawa ce? Amma sai ta juyo ta dube shi, ta kira shi. Ta juya wuya har rabi. Wuyan ya ƙi.

Ta gwada ta wajen Alhaji, da ya dawo.

"Alhaji, wancan..."

"Wane wancan? Gidan ga kowa wancan na! Akuya wancan, buta wancan."

"Takalman nan..."

"Na hwaɗa ma Shef, ango na. Ke dai tsoro bai sake ki ba. Yi addu'a ki kwanta."

Da safe wancan ya zo ƙofar ɗaki. Silifas ya zame, hagu, dama. Ya durƙusa. Ya gaishe ta, ta amsa wa tukunya. Amma bai tashi ba.

"Inna," ya ce. "A yahe mani."

Ta ci gaba da juya ludayi.

"Allah shi yahe muna baki ɗai," ta ce wa tukunya.

Ƙafafun suka jira kaɗan. Sannan suka shiga silifas suka tafi.

*

Hantsi bai gama ɗagawa ba Ajidan ya tsaya ƙofar shagon takalma.

"Alhaji, mai kantin magani nasa na ƙafarsa. Ango ya aiko hoton nasa ta salula, har da amarya. Saura na ladan."

"Shef, ka san wa kaka zargi? Yaron da ya hardace izu..."

"Ba zargi ba ne. Ya kawo takalmi in gani, in tafi in sha shayi."

"Abdulwahabu! Je gida ka ɗauko takalmanka na salla, a kunyata shaiɗan!"

Daga bayan tarin kwalaye murya ta ce, "To, Baba. Bari in kama ruwa tukun."

Ya ɗauki buta, ya fita ta ƙofar baya. Alhaji ya shimfiɗa wa Ajidan tabarma, ya fara masa nasiha kan mummunan zato. Nasiha ta yi nisa. Buta ba ta dawo ba.

Ajidan ya miƙe tsam. "Mota! Allon!"

*

Moto biyu a kan hanyar Tibiri, sun bar kwalta sun yanki daji sun nufi iyaka. Yasir shi kaɗai da buhu. Ɗanmalam yana tuƙi, Ladan a bayansa.

"Wa yah hwaɗa musu? Tsohuwarka?"

"Wallahi ba ta ce komi ba! Babana na!"

"Ubanka ya gane ka?"

"A'a! Talla shika yi!"

Ƙura a bayansu! Motar jandarma ta ɓullo kan tudu!

"Shef, ga su nan!" Yasir ya yi ihu. "Taka!"

An yi ruwa daren jiya. Kwazazzabon da suke ketarawa kullum ya cika da laka. Moton Yasir ya shiga, ya fita da kyar. Na Ɗanmalam ya shiga, ya nutse har rabi, mutum biyu sun yi masa nauyi.

"Sauka ka tura!"

Ladan ya diro. Silifas ya maƙale a laka. Ya sa kafaɗa ya tura, ya tura! Moto ya yi gurnani ya haye tudu. Ya ɗaga ƙafa zai hau.

Ɗanmalam ya dube shi. "Kai da ka durƙusa ma mace da adda a hannu, in sunka ɗaga maka murya mi za ka yi? Ka san gidana. Ka san gidan uwata."

"Shef, mun sha rantsuwa..."

"Koma ka ɗauko takalminka."

Ladan ya waiwaya. Haka kawai, ya waiwaya.

Tau!

Ya faɗi rub da ciki bakin laka. Layun da ke damtsensa ko motsi ba su yi ba.

Yasir ya ga abin da ya faru ta madubi. Ya yi lissafi mai sauri: saura mutum guda da ya san gidan Shef, shi ne kuwa. Ya juya kan moto, ya nufi motar jandarma da gudu, hannu ɗaya sama, yana ihu, "Na tuba! Ku kama ni! Don Allah ku kama ni!"

Ɗanmalam ya yi gaba, esansi ya ƙare masa a tsakiyar gonakin wani ƙauye. Ya shiga hatsi, ya ciji layar ɓacewa, ya rufe ido ya tsaya ƙiƙam. Manoma suka kewaye shi da hauya suna kallo. Wani tsoho ya ce, "Yaro, in ka gama ɓacewa ka aje bindigar."

*

A ɗakin ajiye gawa na gidan likita, an rufe shi da wani zane gajere. Ajidan ya yaye wajen kai. Fuskar ba abin da ya same ta, kamar mai barci bayan asuba.

Alhaji Is'haƙa ya duba. Ya daɗe. Idonsa ya sauka kan damtse, kan layu uku cikin jar fata.

"Wanga ba ɗana ba na."

"Alhaji..."

"Ɗana ba ya ɗaura laya! Shirka ta! Ni nik koya mashi da bakina!" Ya ja da baya har ya bugi bango. "Kama ta, Shef, mutum da mutum suna kama. Ɗana kama ruwa yat tahi. Yanzu shi dawo. La'asar ta kusa, wa za ya kira?"

Ajidan ya sauke murya. "Alhaji, sai wani nasa ya faɗi sunansa ya ce nasa ne, sannan in ba da shi. In babu, gobe ma'aikatan gari su kai shi. Ba wanka a gida, ba dangi a sahu."

"To su kai! Ni ban san shi ba!"

Mas'uda tana bakin ƙofa, ba ta shigo ba. Uwar ɗan fari ba ta shiga irin wannan wuri, ba ta kuka a ga hawayenta. A'i mai zogale da wasu mata sun biyo ta, wai rakiya, suna leƙe ta bayanta.

Daga inda take ba ta ganin fuska. Zanen gajere ne. Ƙafafu ne suka fito.

Ƙaramin yatsa a kan ɗan'uwansa. Tabon garwashi. Laka ta bushe a diddige, amma a tsakiyar tafin, inda allura ta bi, man kaɗe yana ƙyalli.

Ta tuɓe takalmanta a bakin ƙofa. Hagu, dama. Ta shiga. Ta durƙusa wajen ƙafafun, ta kama su da hannu biyu.

"Nawa na," ta ce.

"Sunansa, Madam?"

Bakin ya buɗe, ya rufe. Harshen bai san hanyar ba.

"Ab... Abdul..." Ta haɗiye. "Abdulwahabu."

Sannan ta tashi ta je wajen kai, ta dubi fuskar. Ashe yana da ɗan tabo a gira. Ashe hancin nata ne.

"Abdulwahabu," ta sake cewa, da ƙarfi, yadda ake kiran yaro ya bar wasa ya zo ya ci tuwo. "Abdulwahabu!"

A bakin ƙofa A'i ta dafe ƙirji. "La ilaha! Ta hwaɗi sunan ɗan hwari! Duniya ta lalace."

*

Yasir da Ɗanmalam suna gidan kaso, an ce ba a haɗa su ɗaki guda. A'i ba ta samu 'yan kunnenta ba, amma ta samu labari, shi take sayarwa tare da zogale. Fataken Dutsi sun daina neman addu'a kafin tafiya, kowa sai ya sulale kamar ɓarawo. Mutanen unguwa kuwa duk sun ce dama sun sani, tun yana ƙarami idonsa bai kwanta musu ba.

Alhaji ya tsaya a sahun jana'iza, can ƙarshe. Yanzu shi ke kiran salla da kansa, da muryarsa mai kama da jan buhu a ƙasa. Ya daina nasiha kan 'ya'yan mutane. Da dare ana kawo masa tuwo a kwanon nan, ya ci gefensa, ya bar ɗaya gefen.

Bayan shari'a Ajidan ya aiko da takalman cikin leda. Mas'uda ta goge su da man kaɗe, ta jera su ƙofar ɗakinta, inda suka saba zama.

Alhaji ya zo wucewa, ya gan su. Ya tsaya.

"Tun yaushe kin sani?"

"Tun kahin shi tuɓe su."

"Ba ki hwaɗi ba."

"Na hwaɗa ma akuya. Na hwaɗa ma tukunya." Ta gyara takalmin hagu da ya ɗan karkace. "Shi na ban hwaɗa ma ba. Yana durƙushe nan, Alhaji. Hannu kaɗai zan miƙa."

Alhaji ya buɗe baki, wata aya ta zo masa, ya mayar da ita. Ya zauna a ƙasa kusa da takalman, abin da bai taɓa yi ba.

"Kwano guda," ya ce. "Kwano guda, Mas'uda."

Ta koma bakin murhu tana tuƙa tuwo, leɓɓanta suna motsi. Maƙwabta sun ce yanzu haka take yini, wajen daka, wajen wanki, wajen turken akuya. Wasu sun ce zikiri ne, wasu sun ce iska ce ta dawo.

Alhaji da ke kusa shi ya ji.

"Abdulwahabu," take cewa. "Abdulwahabu." Ta share ido da bayan hannu, awarwaro ya yi ƙara. "Ashe sunan da daɗin hwaɗi."